Abin da Aljihu Ya Faɗa Mini

Ni ne mai wankin gidan Alhaji Bakari,
nan Filato, a Garwa, gida mai baƙin ƙyaure.
Shekara goma sha tara, Litinin da Alhamis.
Ba na jiƙa kaya sai na lalube aljihu,
haka wanda ya koya mini sana'a ya hore ni.

Aljihun Nabil na san shi tun bai kai tafin hannu ba.
Murfin kwalba, ƙwallon goruba da aka gwaigwaye,
guntun alli, wata rana matacciyar fara.
Da ya shiga sakandare sai ga lambar yarinya a takarda.
Na ɗora mata dutse a kan taga, na yi kamar ban gani ba.

Bara, a tsakiyar zafin Maris,
lokacin da Binuwai ke komawa yashi,
yatsana ya ci karo da ɗan katin azurfa,
ramuka goma, duk an huda.
Ba sai an karanta mini ba.
Irinsa na tsinta a wandon Gambo, ɗana,
shekarar da yake haya da babur a Yalwa.
Ya ce, Baba, rana ce,
in ban haɗiya ba bayana ba ya ɗauka.

To kai, Nabil, wace rana ta doke ka?
Ɗakinka da sanyi har sai ka ja bargo,
firji biyu, direba na jiran ka farka.
Na tambayi rigarka, ta yi mini shiru.

Daren Juma'a, in Alhaji ya tafi Duwala,
motoci sukan jeru a inuwar darbejiya,
'ya'yan kwastan, 'ya'yan likita, 'yar mai gidan mai,
kowa da kofin roba, lemo ya rine ja.
Ni dai ba na nan. Litinin ce ke ba ni labari:
turaren oud a sama,
ƙarƙashinsa zaƙi-zaƙin maganin tari,
wuyan riga da busasshen yawu,
rigar matashi da ɗigon jini
inda ya ciji harshensa cikin barci.

Na kai wa Hajiya Dudu katin a tafin hannu.
Ba ta taɓa shi ba.
Ta ce, Baba Mato, jarrabawa ce ta matse shi,
na ciwon kai ne.
Ranar ta ƙara mini jaka biyu da ragowar kaza.
Na gane kuɗin na mene ne.
Na karɓa.

Gambo, 'yan sanda suka aske shi da kwalba,
unguwa ta raɗa masa suna, ɗan ƙwaya,
har yau yana gindin gada yana gardama da iska.
A nan kuwa katanga ta yi tsawo,
suna ba ya iya haurowa.

Daren da Nabil ya faɗi a bakin wurin ninƙaya,
yana shure-shure, kumfa na fita,
abokan suka watse, wani ya bar takalmi ɗaya.
Maigadi ne ya ɗauke shi.
Da safe aka ce zazzaɓi ne ya hau kai.
Da yamma jirgi ya tashi da shi Yawunde.
Maƙwabta kuwa, an ce musu ya tafi karatu.

Na goge rigunansa duka, goma sha ɗaya,
na ninke, babu wanda ya ce in yi.

Yau Alhamis.
Ga wandon ƙanensa a hannuna,
yaro ɗan shekara goma sha huɗu,
wanda har yanzu yake gaishe ni da hannu biyu.
Famfo na zuba, baho ya cika,
ruwa ya fara bin ƙafata,
ni kuwa ina tsaye,
ban sa hannu a aljihu ba tukuna.